Shingen jar yakuwa a bayan gida, daga shuka zuwa shanya

Talata, 14 ga Mayu, 2024

Akwai wani ɗan fili a bayan gidanmu a Unguwar Dosa ta Kaduna, tsakanin katanga da igiyar shanya. Tsawonsa bai wuce mita goma sha biyu ba, faɗinsa mita biyu da 'yan kai. Bana na ƙudura zan jera masa jar yakuwa, wadda ake samun zoɓo a jikinta, ta zama shinge. Masu sayar da furanni a bakin titi sun so su cusa mini ɗan uwanta na ado, mai manyan jajayen furannin nan, amma shi iyakarsa kallo. Ita kuwa yakuwa a ci ganyenta da damina, a kalli furenta a ƙarshen ruwa, a tsinki zoɓo da kaka, gurguzun ma a yi daddawa da shi. Azumi zai kama wajen farkon Maris, ina so abin da za a sha a buɗa baki ya fito daga nan.

Yau kasuwar Kawo ke ci, sai na biya bayan an tashi aiki. Wata tsohuwa mai sayar da irin kayan miya ta kwance mini ƙulli uku: na rama, na farar yakuwa, na ja. Na ramar ya fi duhu kuma yana da kusurwa, na yakuwa ya fi ja-ja da lanƙwasa. Amma tsakanin fara da ja ido ba ya rarrabewa, sai dai amana. Na ce, "Iya, kin tabbata ja ce?" Ta ce, "Ɗana, in ta fito fara ka tumɓuko ta ka kawo mini, ina nan kowace Talata."

Asabar, 18 ga Mayu

Haƙa. Ƙasar nan ja ce mai burji, ga kuma gadon da magina suka bar mana: ɓaraguzan bulo, ƙusoshi, tsofaffin buhunan siminti. Ba a yi nisa ba diga ta fara ƙara a kan marmara. Wannan shi ne abin tsoron, ba rashin taki ba. Yakuwa doguwar saiwa ɗaya take turawa ƙasa, tana jure ƙishi, amma ba ta jure ruwa ya kwanta mata a gindi. Kaduna kuwa ruwan shekara yakan kai milimita 1,200 ko ya ɗara, kuma mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba yake zuba. Ba banza ba manyan gonakin zoɓo suke can Jigawa da Kano da Katsina, inda ƙasa ke da rairayi, ruwa na sauka ya shige.

Don haka na ɗaga kunya mai tudu, tsayinta ya kusa kamu ɗaya, na cakuɗa ƙasar da yashi da busasshen kashin shanu da aka kawo mini daga Zango. Baba mai gadin maƙwabtanmu, mutumin wajen Maigatari ne, ya leƙo ta ƙofar baya ya ce, "Malam, doya za a sa ne?" Da ya ji yakuwa ce sai ya ja kujerarsa ya matso. Ya noma zoɓo tun yana saurayi. Ya hana ni zuba ɗanyen kashin kaji da wani ya ba ni, ya ce zafi gare shi, ƙona tsiro yake yi. Sannan ya faɗi wata magana da ta tsaya mini a rai: wai su a can sai damina ta zauna suke shuka ta, bayan an yi wa gero noman fari, kuma ko ka riga kowa shuka ba za ka riga kowa ganin fure ba.

Na yanke shawarar raba kunyar biyu. Rabin gabas yanzu, rabin yamma sai Yuli. Mu ga ni.

Lahadi, 26 ga Mayu

An yi ruwa mai kyau daren jiya, ƙasa ta jiƙu har ƙasa. Gurguzun ya kwana a ruwa, na kwashe wanda ya taso sama na zubar. Ƙwaya uku zuwa huɗu a kowane rami, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, tsakanin rami da rami santimita 80. Tazarar ta yi wa yara yawa a ido, suna ta cewa an bar fili a banza. Mai neman ganye kaɗai shi ne ke yafa iri ya cika wuri. Mai neman zoɓo dole ya bar wa kowane gindi wurin baza rassa, domin a jikin rassan ake samun abin.

Lahadi, 2 ga Yuni

Duk sun tsiro, kuma karan ja ne tun daga ƙasa. Iya ta yi gaskiya.

Asabar, 15 ga Yuni

Jajiberin Babbar Sallah. Ragon layya ya kwana biyu a gidan, kuma tun da aka shigo da shi idonsa na kan kunyar. An mayar da turkensa can gindin mangwaro, na kuma kewaye kunyar da tsohon gidan sauro. Gobe dai matsalar za ta warware kanta.

Na rage tsiron, na bar mafi ƙarfi guda ɗaya a kowane rami. Ba na tumɓukewa, da farce nake datse na banzan daga ƙasa, don kada saiwar wanda zai zauna ta girgiza. Ban yi dashen waɗanda na cire ba, yakuwa ba ta cika son dashe ba saboda doguwar saiwar nan.

Baƙin da suka fi ragon ɓarna ƙanana ne: wasu ƙwari masu sheƙi, wasu ruwan ƙasa wasu baƙi-baƙi, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, kana kai hannu su yi tsalle su ɓace. Duk mai kuɓewa ya san su. Sun mayar da ganyen kamar rariya. Ba abin mamaki ba ne, domin yakuwa da kuɓewa da rama da auduga duk dangi ɗaya ne, abin da ya ci wannan zai ci wancan. Masana suna kiran yakuwa Hibiscus sabdariffa, rama kuma Hibiscus cannabinus, uwa ɗaya uba ɗaya. Baba ya ce toka, da sassafe tun ganye na da laima, don ta kama. Na tankaɗe tokar murhun mai ƙosai na barbaɗa. Ba ta kashe su, tana dai hana su sakewa, kuma duk ruwan da aka yi sai an sake. Maganin feshi na kanti ba zai shiga nan ba, ganyen tukunya za shi.

Lahadi, 7 ga Yuli

Na shuka rabin yamma, iri ɗaya, tazara ɗaya.

Na gabas sun kai gwiwa. Ganyen ya fara sauya kama: na farko-farko shafaffe ne mai faɗi, sababbin da ke fitowa sama kuwa sun rabu gida uku, wasu biyar, bakinsu da ƙananan haƙora. Maman yara ta ɗauka wani ciyayi ne ya shiga ciki. Yau na datse kan kowane gindi, wajen yatsa huɗu daga sama. Muddin kan na nan, shi kaɗai zai yi ta miƙewa, tsiron da ke kwance a inda ganye ya haɗu da kara ba zai motsa ba. Da an cire shi sai su farka su zama rassa. Abin da aka datse bai kai ƙasa ba, ya shiga faten tsaki da rana, da gyaɗa da ɗan gauta. Ganyen ja ya fi na fara tsami a bakina, kuma yana rina faten kaɗan.

Asabar, 20 ga Yuli

Wani abokin aikina ya zo, ya ga shingen, ya tafi ya dawo mini da yuriya a leda. Ya ce in watsa, cikin mako biyu zan ga aiki da cikawa. Na karɓa na gode, na zuba wa masarar da ke gefen rijiya. Yuriya ganye take sawa, da kara mai laushi mai ruwa-ruwa wanda iska ke kwantarwa, darɓa kuma ke so. Ga mai sayar da ganye a kasuwa wannan riba ce. Ni kuwa na ga ganyen nan kore shar yake, ba alamar yunwa, kashin shanun na aiki. Abin da na yi kawai shi ne ɗan NPK 15-15-15, cikin murfin kwalba ɗaya ga kowane gindi, na binne shi taƙi guda nesa da kara.

Talata, 6 ga Agusta

Jiya gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya saboda zanga-zanga. Ba inda za ni, sai na ɗauki fartanya. Na yi maimai, na tura ƙasa gindin kowanne, na kafa wa manyan sanduna na ɗaure su sako-sako da tsumma. Igiyar roba tana yanka kara in iska ta kaɗa. Na gabas sun kai ƙirjina, kowanne da rassa shida ko bakwai. Na yamma ba su kai gwiwa ba tukuna, na datse musu kai su ma.

Asabar, 24 ga Agusta

Marka. Rana ba ta fito sosai ba duk makon nan. Ruwan indararo ya sami hanya ya taru a tsakiyar kunyar, inda marmarar ta fi kusa da sama, kuma gindi biyu sun yi yaushi alhali ƙasa jagab take. Shuka ta yi yaushi a cikin ruwa, ka san saiwa ce ta tafi. Da na ja ɗaya sai ya biyo hannuna ba gardama, gindin ya yi baƙi, ɓawon na saɓulewa, ga wani wari. Na cire su duka biyun da ƙasar da ke jikinsu na kai bola, ban jefa a ramin taki ba, kada cutar ta dawo baɗi. Na fasa wa ruwan hanya zuwa kwata, na sa guntun bututu a bakin indararon.

Sauran lafiya lau. Na gabas sun wuce kaina, sun rufe katangar ruf, jan kara da koren ganye. Kusan wata uku da shuka, ko alamar huda babu. Kuɓewar maƙwabta da aka shuka bayansu tuni ake yanka ta. Maman yara ta fara cewa ko namiji aka sayar mini. Baba ya yi dariya ya ce, "Hajiya, yakuwa ba ta da namiji. Ba ta ji sanyin kaka ba ne."

Lahadi, 8 ga Satumba

Huda ta fito. A inda kowane ganye ya haɗu da reshe akwai wani ɗan jan ƙulli mai tsini, bai kai ƙwayar wake ba. Na tsallaka rabin yamma, waɗanda suka zo duniya mako shida bayan na gabas, tsayinsu bai wuce ƙugu ba. Su ma ga ƙullin nan a jikinsu, girma ɗaya. Maganar Baba ta tabbata.

Inda muka rabu da shi shi ne dalili. Shi ya ce sanyin kaka take ji, ni kuwa na ce ai ba a fara sanyin ba, ruwa ma bai ɗauke ba. Abin da take aunawa tsawon dare ne. Mu nan Kaduna muna wajen digiri goma da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka bambancin bai da yawa: a ƙarshen Yuni yini yakan kai awa 12 da minti 40 da ɗoriya, a ƙarshen Disamba ya sauko wajen awa 11 da rabi. Awa ɗaya da 'yan mintuna ke nan a duk shekara, abin da mu ba ma lura da shi sai dai mu ga lokacin sallar Magariba ya matso. Ganyen yakuwa kuwa yana lura. Muddin yini na da tsawo, kara da ganye za ta yi ta yi. Da yini ya gangaro kusa da awa 12, dare ya ƙaru, sai ta juya ga fure, babba ce ko ƙarama. Wasu masana biyu na ma'aikatar gona ta Amurka, Garner da Allard, su suka fara bayyana wannan a 1920, da wata irin taba da ta ƙi yin fure duk tsawon bazararsu, da kuma waken suya da aka shuka a lokuta daban-daban ya yi fure kusan tare.

Da na faɗa wa Baba haka sai ya yi shiru, can ya ce, "To ai dawa ma haka take." Kuma haka ne. Ƙaura da farafara, ka shuka da ruwan fari ko ka makara, ba su fitar da kai sai damina ta zo ƙarshe, shi ya sa ƙwayarsu ke nuna a bushe ba ta yi baƙi ba. Maiwa ma haka, da waken gargajiya mai yaɗo. Gero ne ba ruwansa, kwanakinsa yake ƙirgawa. Manomanmu sun daɗe suna aiki da wannan agogo.

Amfanin shuka da wuri ke nan: ba ya kawo fure da wuri, yana dai ba ta lokacin tara rassa kafin ranar ta zo. Kowane ganye ƙulli ɗaya ne, don haka mai rassa da yawa shi ne mai zoɓo da yawa.

Litinin, 16 ga Satumba

Hutun Mauludi. Na bi shingen gindi-gindi, sai na ga uku na can ƙarshen gabas, kusa da ƙofar baya, ba su da ƙulli ko ɗaya. Su ne kuma suka fi kowa tsawo da cikar ganye. Ƙasa ɗaya, iri ɗaya, ranar shuka ɗaya.

Sai bayan Isha'i amsar ta fito. A kan katangar, daidai saman su, akwai fitilar sola da mutanen layi suka haɗa kuɗi aka sa saboda ɓarayi. Daga Magariba har Asuba tana haska su fes. A wurinsu dare bai taɓa yi ba. Tun 1938 wasu masana biyu, Hamner da Bonner, suka nuna cewa irin waɗannan tsirrai duhun da bai yanke ba suke bukata, ko ɗan haske aka kunna musu a tsakar dare lissafin ya rushe. Balle fitilar da ke kwana a kunne.

Kashe ta ba zai yiwu ba, ba wanda zai sayar da tsaron layi saboda zoɓo. Na samu guntun kwanon rufi, muka lanƙwasa shi ni da Baba, muka ɗaure a bayan fitilar ta ɓangaren gidanmu. Hasken ya koma lungu gaba ɗaya, inda dama aka sa ta domin shi. Baba yana riƙe da tsani yana girgiza kai: "Ikon Allah. Malam, wato ita ma sai ta yi barci."

Asabar, 28 ga Satumba

Furen farko ya buɗe shekaranjiya, yau kuwa shingen ya cika. Wanda bai fito da safe ba bai gani ba. Da hantsi ake samunsu a buɗe sosai, kowanne ya kusa cika tafin hannun yaro: kunnuwa biyar masu laushi, launinsu tsakanin fari da rawaya, sun hau kan juna ta gefe ɗaya, can tsakiya kuma ja ne mai duhu sosai. Daga cikin jan wani ɗan sanda ya fito, jikinsa duk garin fure. Ƙudan zuma na shiga su fito da ƙura a ƙafa, ko da yake ita yakuwa ba ta dogara da su ba, mafi yawa da garin kanta take ɗaukar ciki. Kafin Azahar furen ya fara tsukewa, launin ya juya ruwan hoda, da La'asar ya naɗe. Washegari ka same shi a ƙasa. Kwana ɗaya kowanne ke yi, amma daga gindin reshe suke farawa suna hawa sama, don haka kullum da sababbi.

Yara sun fara tsince waɗanda suka faɗo wai za su tara a yi zoɓo. Mutane da yawa haka suka ɗauka, har da manya, cewa furen ake sha. Na nuna musu jan ƙoƙon da furen ke zaune a ciki, mai yatsu biyar, da wasu ƙananan tsinaye kewaye da gindinsa. Shi ba ya faɗuwa. Bayan furen ya tafi sai ya rufe a kan ƙwallon 'ya'yan, ya yi ta kauri yana tara ruwa da tsami. Shi ne zoɓon.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Tururuwa na hawa da sauka a wasu rassa, na bi su na tarar da fararen ƙwarin nan masu gari-gari sun taru a kan toho, ganyen wurin ya murɗe. Tururuwar zaƙin da suke fitarwa take sha, ita ke gadinsu. Na yanke rassan da abin ya yi yawa na ƙona. Sauran na daka ganye da 'ya'yan darbejiya, suka kwana a ruwa, na tace, na narka ɗan sabulun salo a ciki don ya kama jiki, na fesa da yamma bayan furen ranar ya rufe, saboda zuma.

Jajayen ƙwarin nan masu baƙin ɗigo da ke bin auduga su ma sun iso, bibbiyu manne da juna. 'Ya'yan suke tsotsa. Su ba wuya, a kara bokitin ruwan sabulu a girgiza reshe.

Asabar, 19 ga Oktoba

Tsinkar farko. Na ƙasan rassa sun yi wajen mako uku da yar da fure, sun cika, sun yi sheƙi, in ka lanƙwasa sai su ɓalle da ƙara. In aka bar su suka wuce haka sai gindin ya yi tauri, sai da wuƙa, naman kuma ya yi zare. Da almakashi nake yanka, don ja da hannu na yage ɓawon reshe. Tsinka da wuri kuma tana sa na sama su samu ƙarfin cika. Manoman gona ba su da wannan sukunin, sukan jira su sare gaba ɗaya a kai gida a zauna ɓara. Mai gindi goma sha wani abu a bayan ɗaki ba shi da uzurin yin haka.

Ɓarar ita ce aikin. Ƙwallon cikin yana da wani gashi mai ƙaiƙayi da ke shiga tsakanin yatsu, ruwan kuma na rina hannu. Baba ya kawo maganin abin: ƙarfen tsohuwar laima, mai rami a ciki, ya goga bakinsa a dutse ya yi kaifi. A kafa shi a gindin ƙoƙon, a murɗa, a tura, sai koren ƙwallon ya fito ta sama, zoɓon ya rage a hannunka ɗungurungum bai yage ba. Kafin Magariba yara sun ƙware har suna gasa. Ƙwallon wannan tsinkar ɗanye ne, ba ya iri, awakin maƙwabta suka samu.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Ruwa ya ɗauke, iska ta fara juyawa. Shanya a kan tabarma, a kan benci, ba a ƙasa ba, kuma shimfiɗa ɗaya ba tari ba. Da safe ya sha rana, in ta take a ja shi inuwar baranda inda iska ke ratsawa, domin rana mai zafi tana kashe jan. Da yamma a shigar da shi saboda raɓa. Kwano a cike yakan koma ɗan abin da bai rufe gindin kwanon ba: kilo goma ɗanye wajen kilo ɗaya yake bayarwa in ya bushe. Wanda ya ga haka ba zai ƙara yi wa mai zoɓo dogon ciniki ba. Ka tuna kuma irin buhunan da ake lodawa daga Dawanau zuwa tashar jirgin ruwa a Legas, a kai Meziko da Turai, kusan duk da hannu mata suka ɓare su ɗaya bayan ɗaya.

Inna ta zo daga gida jiya. Ta ɗauki ɗaya ta matse a kusa da kunne, ta ce bai yi ba, sai ya karye ƙaras, in yana lanƙwasa zai yi funfuna a buhu. Ba ta faɗin sunana, ni ne na fari, sai ta ce, "Kai wannan, ina farar? Wa ke shuka ja ba fara, da me za a yi miya?" Ta sa aka jiƙa mata ɗanye a ruwan zafi, ba sukari, wai saboda hawan jini. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wani bincike na Jami'ar Tufts a Amurka da aka buga a 2010 ya ba mutane 65 kofi uku a rana har mako shida, wasu na zoɓo wasu na bogi, masu shan zoɓon lambar sama ta jininsu ta sauka da wajen maki bakwai, masu shan na bogi kuwa da ɗaya da 'yan kai. Amma waɗancan ba masu shan magani ba ne, kuma nasu hawan bai yi nisa ba. Na ce, "Inna, ki sha, amma ƙwayar asibiti tana nan daram, kuma a gaya wa likita." Ta ce ta ji, da irin muryar da na sani.

Ta kuma hana maman yara jefa kanwa a na sha. Kanwa na kashe tsami, gaskiya ne, amma tana mayar da jan ya yi duhu ya dushe. A bar ta wa miyar ganye. Citta kuwa ana lallaɓa ta, tun da wata cuta ta faɗa wa gonakinta a Kachia da Jaba da Kagarko a daminar 2023 ta yi tsada, sai aka ƙara kanumfari da ɓawon abarba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ukun nan na ƙarƙashin fitila sun yi huda a farkon Oktoba, yanzu suke tsakiyar fure, su kaɗai a shingen. Sun makara, ƙasa ta bushe, sai da bokiti nake bin su duk bayan kwana biyu, kuma ƙoƙon nasu bai kai na sauran kauri ba.

Na ware shanyar gabas da ta yamma tun farko. Gindi ɗaya na Mayu ya ba da abin da ya ninka na Yuli fiye da sau biyu. Sai dai na Yuli ba wanda ya ruɓe a cikinsu, ba su bukaci sanda ba, ƙwarin farkon damina ma ba su same su ba. Ga mai gona mai faɗi, wanda gero da gyaɗa ke jiransa a watan Yuni, lissafin Baba ya fi. Ga mai ɗan fili a gari da ke son katanga ta rufu, na Mayu.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Hazo ya sauko, ganyen na zuba. A gindi biyu mafiya kyau na gabas na bar rassan ƙasa ban taɓa ba, don iri. Ƙwallonsu ya bushe ya yi ruwan ƙasa, bakinsa ya fara tsagewa gida biyar, kowane gida da ƙwaya uku ko huɗu. In aka ƙara kwanaki zai watsar da su da kansa. Na yanke su cikin buhu, na bar su a rana, na bubbuga da sanda, maman yara ta sheƙe a faifai. Na iri ya shiga kwalba mai murfi da ɗan toka. Busasshen zoɓon yana cikin bokitin roba mai murfi a kan kanta, nesa da bango da haske.

Asabar, 14 ga Disamba

Na tumɓuke kututturan. Ɓawon karan na saɓuwa dogo-dogo, Baba ya kwashe zai tufka igiya, ya ce ba ta kai ta rama ba amma za ta ɗaure akuya.

Na duba saiwar kowanne kafin in jefar. Na yamma fes suke. A gabas kuwa guda huɗu saiwarsu ta yi ƙulle-ƙulle, wasu sun kai ƙwayar gyaɗa. Aikin wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, masu zama a ƙasa, kuma suna cin kuɓewa da tumatir da gauta yadda suke cin yakuwa. Na ƙona waɗannan saiwoyin, na kifar da ƙasar kunyar don ranar bazara ta gasa ta. Baɗi dawa za ta shiga wannan wuri, yakuwar kuma ta koma gefen rijiya, inda hasken fitila ba ya kaiwa, fara da ja a haɗe kamar yadda Inna ta ce. Ragowar gurguzun, wajen rabin mudu, na ba direban motar garinmu ya kai mata, ta ce za ta yi daddawar batso ta aiko mana kafin azumi.